Lodin Motar Baba

A layin masu gyaran kwamfuta babu mai kiransa da sunan yanka. Taƙaitau suke ce masa, don amsarsa ba ta wuce kalma uku. A kan teburinsa ma ba ka ganin komai sai sukundireba biyu, burushi ɗaya da fitila. Ya taɓa aiki a babban kamfani, ya baro, wai taro ya fi aikin yawa.

Mahaifinsa ya shekara talatin da biyu yana jan babbar mota kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Likita ta ce lallai hannun hagu ya riƙa motsi kullum, in ba haka ba zai sandare. Aka ba Baba ƙwallon roba ya dinga matsawa, ya cilla ta ƙarƙashin gado.

Sai Taƙaitau ya kawo sitiyarin wasa, ya ɗaure a teburin falo, ya saka masa wasan tuƙin manyan motoci a kwamfuta. Baba ya yi tuƙin minti biyar ya saki.

"Motar haya ka kawo mini? Ina tawa?"

Daga nan ɗan ya shiga harkar da masu wasan ke kira mod, wato kwaskwarimar da mutane ke yi wa wasa da hannunsu. Ya samo bodi irin na tsohuwar motar, ya yi mata shuɗin fenti daga wani tsohon hoto, har da rubutun bayanta, "Sannu Ba Ta Hana Zuwa". Hon kuwa sai da ya je gareji ya naɗo. Matsalar ita ce kunna su. Manhajojin da ake da su cike suke da maɓallai da tallace-tallace, Baba kuma yatsa ɗaya yake dannawa da shi. Saboda haka ya rubuta tasa: jerin sunaye da manyan baƙaƙe, kibiyar sama, kibiyar ƙasa, da maɓallin "Tashi". Ƙa'idarta ɗaya, abin da ke sama shi ke rufe na ƙasa.

"Au, lodi ke nan," in ji Baba da aka yi masa bayani. Tun daga ranar "kaya" yake ce wa mod.

Kowace safiya bayan karin kumallo yakan yi tuƙin awa guda, yana faɗa da motocin da ke shan gabansa. A wata na huɗu hannun ya fara riƙe kofi.

Taƙaitau ya saka manhajar a intanet kyauta. Baƙi suka yi ta saukewa, suna kuma roƙon ƙari: launuka, hotuna, kiɗa. Duk ya ƙi. Ƙanwarsa Auta, wadda ke aikin jera fayil a asibiti, ita ta ci galabarsa.

"Yaya, wannan jerin naka kamar an zubar da kwandon wanki. Ko maɓallin jera su daga A ba za ka sa ba? Rowa har a maɓalli?"

Ya sa, don ta ƙyale shi.

Wata Laraba Baba ya danna "Tashi", sai ga mota fara fat, ba rubutu. Ya danna hon, ta yi wani siririn kuka kamar na keke. Ya janye hannunsa daga sitiyari a hankali.

"Wannan ba motata ba ce."

An yi rashin sa'a, a ranar ne masu wasan suka sabunta shi, don haka Taƙaitau ya ɗora musu laifi kai tsaye. Kwana uku yana tonon fayilolin wasan a shago, tsakanin gyara wannan da wancan. Manhajarsa kuwa ko kallonta bai yi ba, ai shi ya rubuta ta. Kwana ukun nan Baba bai zauna a teburin ba. Ran Asabar da safe Taƙaitau ya ga ya ɗauki kofi da dama, hagun na kwance a cinya.

"Baba, zo ka zauna kusa da ni, ko kallo ne."

Ya zo yana jan ƙafa, ya zauna, ya ƙura wa jerin ido yana karantawa da leɓe. Bodi, Fenti, Hanya, Hon, Inji.

"Kai, wane ne ya yi wannan lodin?"

"Lodi kuma?"

"Bodi a sama, fenti a ƙarƙashinsa? A ina ka taɓa ganin an yi wa mota fenti sannan an ɗora mata bodi? Da a tasha ne, da yau mai lodin nan ya bar aiki."

Auta da ke shanya a tsakar gida ta leƙo ta taga.

"Ni na gyara maka su ran Talata, Baba. Ba ka ga sun yi kyau ba?"

"Sun yi kyau, 'yar nan. Marasa lafiyanku ma haka kuke jera su, mai ciwon baki a gaban mai ciwon zuciya?"

Ta yi dariya har zanin da ke hannunta ya faɗi. Taƙaitau ya kai hannu zai gyara, Baba ya buge masa shi.

"Bari. Mai nauyi ƙasa."

Yatsan hagu ya sa. Yana rawa, yana kuskure kibiyar, yana komawa. Hanya ta sauka can ƙasa, inji a kanta, sai bodi, sai fenti, hon a ƙololuwa. Abin ya ci kusan minti goma. Da ya danna "Tashi", shuɗiyar motar ta fito da rubutunta. Ya danna hon sau biyu, maƙwabciya ta yi salati ta bayan katanga.

Da yamma Taƙaitau ya cire maɓallin na huɗu, wato na jerawa daga A. A bayanin sabon zubin da ya saka wa baƙinsa na intanet ya rubuta: "An rage ɗaya." Wani ya tambaye shi dalili, ya amsa masa da cewa direba ya hana.