Tsinin Allurar Inna Ƙyalle

Duk layin nan Inna Ƙyalle ake ce mata, har 'ya'yan cikinta sun bi sahu. Tela ce. Kekenta na ƙafa yana bakin taga a ɗakin gaba, kuma tun da take ba wanda ya taɓa ganin guntun yadi a cikin shararta. Dogayen ƙyallaye ta harhaɗa su ta yi mayafin gado, matsakaita ta ɗinka jakar cefane. 'Yan mitsi-mitsin da almakashi ke zubarwa ƙasa kuwa, sai ta share su da yamma ta zuba a buhu, in ya cika ta cusa matashi.

Abin bai tsaya a ɗinki ba. Guntayen sabulu takan jiƙa su ta dunƙule su zama guda. Ruwan ɗauraya ba ya bin kwata, tumatir da barkonon da ta shuka a tsoffin bokitan fenti ne ke shanye shi. Gwangwanin madara na maɓallai ne, na kifi kuma na karyayyun allurai. Maƙwabta kan tsokane ta, su ce ko ƙuda ne ya mutu a gidanta sai ta cire fukafukan ta ajiye.

Ba rowa ba ce, don hannunta a sake yake. Tsoro ne. Shekarar da mijinta ya kwanta ciwon da bai tashi ba, tana kallo gidan ya koma fayau, aka sayar da kujeru, aka sayar da firji, Auta kuwa ko yaye ba a yi mata ba. Da keken nan da wannan tattalin ta rene yara uku, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Da Auta ta haifi ɗanta na fari, Inna ta ce ba za a sayi katifar jariri ba tana raye. Ta juye buhun, ta ɗinka 'yar katifa mai laushi, ta kai da kanta. “Ga gadon maigidana,” ta ce, tana lakuce hancin jaririn. “Kai kuma ka tashi ka nemo na cefane.”

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, tana zuba wa keke mai, sai hannunta ya ture gwangwanin allurai. Ta durƙusa tana tsincewa. Al'adarta ce in allura ta karye ta haɗa gindin da tsinin ta ajiye tare. Duk ta haɗa su, sai gindi ɗaya ya rage a tafin hannunta, babu tsininsa.

Nan take ta tuna. Ranar da take kalmashe ƙafar wani wando mai kauri allurar ta karye, mai wandon yana tsaye a kanta yana azalzala. Ta ce a ranta za ta nemi tsinin daga baya. Da yamma ta share ɗakin kamar kullum, ta juye a buhu.

Ta ɗauki waya ta kira Auta. Kafin Auta ta yi magana, Inna ta jiyo kukan jaririn, wani irin kuka mai shiƙewa.

“Me ya same shi?”

“Inna, tun jiya yake haka. Da na kwantar da shi sai ya sandare ya tsala ihu.”

“Ɗauke shi daga katifar nan! Kar ki sake ɗora shi. Ga ni nan.”

Ko ƙofar gida ba ta kulle ba. A motar haya duk wanda ya ce zai sauka, ji take kamar ta shaƙe shi. Ta sha jin ana cewa allura in ta shiga jiki tafiya take yi, ba ta tsayawa sai ta kai zuciya. Ba ta san ko gaskiya ne ba, amma maganar ta ƙi fita daga ranta.

Ta tarar da Auta tana zagaye ɗaki da yaron a kafaɗa. Suka tuɓe shi, suka bi jikinsa da ido da yatsa, hammata, bayan gwiwa, tsakanin yatsun ƙafa. A bayan wuyansa suka ga wani ɗan jan ɗigo.

“Cizon sauro ne,” in ji Auta. “Ko ba shi ba ne, Inna?”

Inna ta ce a kira mijin Auta.

Mijin Auta mai gyaran rediyo ne, shagonsa yana bakin titi. Da aka kira shi ya shigo da gudu, ya ji bayani, ya koma ya ɓalle mayen ƙarfe daga wata tsohuwar lasifika. Inna ta sa almakashi ta farke katifar da hannunta, suka baje ƙyallayen a tsakar ɗaki, yana bin su da mayen ƙarfen sannu a hankali. Ya kamo 'yar ƙugiyar siket. Ya kamo wata 'yar waya. Suka sake bi tun daga farko. Babu tsinin allura.

Auta ce ta faɗi abin da kowa ke gudun faɗa. “In ba ya cikin katifa, to yana ina?”

A asibiti layi ya yi tsawo, amma da ma'aikaciyar jinya ta ji kalmar allura sai ta shigar da su. Aka ce a ɗauki hoton jikinsa. Uban ne ya riƙe shi a kan teburin ƙarfe mai sanyi, aka rufe ƙofa. Inna tana waje a kan benci, tana jin kukan ta cikin bango. Addu'ar ma ta kasa haɗa ta, sai “Ya Allah, ni ce, ba shi ba” take maimaitawa.

Likita ta ɗaga hoton ta daɗe tana dubawa. Sannan ta leƙa kunnen yaron da 'yar fitila.

“Babu ƙarfe a jikinsa, Mama. Kunnensa ne ya kumbura daga ciki, shi ya sa kwanciya ke ƙara masa zafi. Ga magani, zai warware.”

Auta ta fashe da kuka, mijinta ya zauna a ƙasa daɓas. Inna ma ta yi hamdala, amma tun kafin su fita ƙofar asibitin sai ta tuna wani abu. Ba katifar kaɗai ta cusa daga wannan buhun ba. Akwai matasai biyu.

Ɗaya yana gidan tsohon da ke maƙwabtaka da ita, mai ciwon baya. Ranar ta karɓo shi, ta farke, ta bi shi da mayen ƙarfen, ba ta sami komai ba. Ɗayan kuwa wata baƙuwa ce ta saya, mai goyo, wadda ta zo biɗar dangi a layin ta wuce. Inna ta bi gida gida tana kwatanta ta. Wasu suka ce sun gan ta, amma babu wanda ya san inda ta fito. Ta ɗaga kekenta, ta kwashe ledar ɗakin, ta tone tsagar siminti da tsinke. Tsinin bai fito ba.

Surukin nata ya sayo katifar soso a kasuwa. Mayen ƙarfen kuwa ya bar mata shi. Yaron ya warke, ya yi ɓulɓul, yanzu har gudu yake yi yana tsinke mata ɗanyen tumatir.

Inna tana nan tana ɗinki, tana dunƙula sabulu. Kowane ƙyalle sai ya bi ta kan mayen ƙarfe kafin ya shiga buhu, kuma in allura ta karye, ko gwamna ne a tsaye a kanta, ba ta sake taka keke sai ta ga tsinin da idonta. Sai dai har yau, in wata mace da ba ta sani ba ta yi sallama a ƙofa, Inna takan tsayar da ƙafarta, ta leƙa ta taga ta kalli fuskar matar da kyau, kafin ta iya amsawa.