Fulakon Dikko a Gaban Kwamfuta

Dikko makiyayi ne da ya tsufa a wata ruga gabas da Tudun Wada, yana ɗan noman dawa a gefe. Mutum ne da ko yunwa ba ya faɗa. Abin da ya fi so kuwa ba ya kama sunansa, kamar yadda ba ya kiran sunan ɗansa na fari.

Shi da Habu, manomin da gonarsa ta jingina da burtali, gaisuwarsu ba ta wuce "lafiya". Kowace damina kunyoyin Habu sukan ɗan matso cikin hanyar shanu.

Wajen 1996 aka zo da maganar gina madatsar ruwa. Wuri biyu ake dubawa: bayan dutse, nesa da gari, ko kwarin da burtalin ya ratsa. Ma'aikacin da aka turo, Malam Sale, ya ɗora kwamfuta kan tebur a ƙofar gidan dagaci. Ya ce ita ba ta da dangi. Kowa ya faɗi abin da ya fi masa nauyi, ta auna, ta zaɓa.

Habu bai jira an gama tambayarsa ba. "Kusancin ruwa, Malam! Ba shi babban maki. Shanu ai ba zani suke ɗaurawa ba, su hau dutse."

Malam Sale ya juyo wajen Dikko. "Baffa, kusancin ruwa da hanyar shanu, wanne ya fi maka?"

Dikko ya dubi ƙasa. Dattijo ya buɗe baki gaban jama'a ya ce ga abin da yake so?

"To," in ji shi, "duk ɗaya ne."

Dagaci ya gane sarai, amma shi ma gonarsa a bakin kwarin take. Tari kawai ya yi. Malam Sale ya danna abin da ya ji, kwamfuta ta zaɓi kwari.

A gida Barakatu, matar Dikko, ta dire ƙwaryar nono. "Akwatin ƙarfe ka yi wa fulako? Surukarka ce?"

Ranar kasuwa Dikko ya sami Malam Sale shi kaɗai, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ambaci burtali.

"An riga an tura Kano, Baffa. Ai amsarka ce."

Da motocin haƙa suka toshe kwarin, Dikko ya tattara rugarsa ya nufi Doguwa. Hanya ɗaya ta rage, ta gonar Habu, dawa ta kai ƙugu. Waɗanda suka gani sun ce a hankali yake tafiya a bayan garken, bai tsawata wa ko saniya ɗaya ba.