Yadda Aka Rataye Taken Surukina

Ban taɓa naɗa zare a hannuna ba, kuma ko faɗan yara a lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, in ya yi zafi darakta nake kira. Amma ni aka ɗora wa alƙalancin dambe a Madarumfa, farkon shekarun saba'in, kuma wanda zan yanke wa hukuncin surukina ne, uban matata.

Mahauci ne, bahago. Ya yi dambe tun ban san kaina ba, ya ajiye a shekarar da aka sami mulkin kai, da kafaɗa ta ce ta gaji. Lokacin da na san shi ya yi tumbi, gemu ya yi fari, yana zaune a rumfar mahauta yana korar ƙuda. Abin da ya rage masa na da shi ne takensa, kiɗan da makaɗin kalangu ya ƙera masa shi kaɗai tun yana saurayi. Duk ranar kasuwa makaɗin, wanda shi ma ya tsufa, sai ya biyo ta rumfar ya ɗan taɓa masa. Tsohon ya ajiye wuƙa ya miƙe, jiki na tsuma, ya yi kirari har mata masu sayen nama su ja da baya. Sannan ya zauna yana haki, ya tambayi mai ciniki tsoka take so ko da ƙashi.

Rigimar ta taso ne da wani saurayi daga Safo, sabon ɗan dambe, shi ma bahago, ya roƙi makaɗin ya ba shi wannan taken. A gidan makaɗin akwai ƙa'ida tun kakanni. Taken ɗan dambe na tsaka-tsaki ana gadonsa kamar rigar wa, in ya daina a ba na baya. Taken wanda ya shiga sahun manya kuwa ratayewa ake yi, ba a sake kaɗa shi. Tun zamanin ubansa, in ji makaɗin, uku kawai aka rataye.

Da labari ya kai wa surukina, ya ce shi ne na huɗu, kuma don kunya ya faɗi haka, in ba haka ba da ya ce na ɗaya. Makaɗin ya ce ya yi dambe, ba wanda ya musa, amma rataya ba wasa ba ce. Suka yi ta cacar baki har Sarkin Fawa ya shiga tsakani. Shi kuma mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa, sai ya ce a ba mushen lakwal, wato ni malamin makaranta, ya yi karatu, ba shi da ɓangare.

Ba ni da ɓangare! Mutumin da in na hango shi a hanya nake cire takalmi in durƙusa, wanda shekara huɗu da aurena ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. Da na koma gida matata ko zama ba ta bari na yi ba.

"Malam, in ka sa Baba sahu na biyu, ka nemi gidan da za ka riƙa cin tuwo."

Duk da haka kaina ya kumbura. Ina da ƙuruciya, kuma na yarda duk abin da aka rubuta a takarda ya zama gaskiya. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, duk Alhamis da babu lakwal in hau keke in tafi jin shaidu.

Wallahi ban taɓa sanin ana ƙarya da tsakar rana haka ba. Mahauta suka ce ya kashe arba'in, wato ya kayar da su a fage. Kafin la'asar sun zama saba'in. Wani ya rantse a gabansa ya naushi bijimi ya durƙusa. Masu hassada kuma suka ce a zamaninsa manoma ne ƴan yunwa ke shiga fage, bai taɓa wuce Katsina ba, kuma bai gamu da ko ɗaya cikin ukun nan ba. Sannan ga maganar garin Ɗan Issa. A dambe da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, kuma kowa ya san wata shekara a Ɗan Issa ya taɓa. Shi yana cewa ɓawon gyaɗa ya taka. Na aiki matata wurin mahaifiyarta, ta dawo tana danne dariya, ta ce Inna ta ce kwana tara tana yi masa gashi, kuma ita ba ta san ɓawon gyaɗa yana kumbura muƙamuƙi ba.

Na duba kayena na auna, gaskiya ta nuna sahu na biyu. Na ce alƙali ba ya tsoron tuwo. Saura shaida ɗaya, wani tsohon masunci da aka ce surukina ya kayar. Na ajiye shi ƙarshe don na san zai ba ni hujjar da zan fake da ita. Na same shi bakin tabki yana ɗinkin koma.

"Baba, an ce shi ya kashe ka."

"Turmin hwarko," ya ce, wato tun zagayen farko, fuska cike da fara'a. "Ga shaida." Ya buɗe baki, babu haƙoran gaba ko ɗaya.

Na gaya masa inda hukuncina ya karkata. Sai ya saki komar.

"Kai yaro, mi kake hwaɗi? Shekara talatin ina gaya ma ɗiyana da jikokina wanda babu irinai ya zubda min haƙora. Yanzu ka taho da ƴar takardarka ka ce ɗan tsaka-tsaki na? To haƙoran nawa banza sunka tahi?"

Na hau kekena ba tare da na rubuta komai ba. Ashe shi ma bai koma kan ɗinkinsa ba, aike ya yi ta yi.

Ranar hukunci, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiyar bayan rumfa. Ban gama gyara zama ba sai ga amalanke daga Safo, ga kamiyo, babbar motar kaya, daga Ɗan Issa, tsofaffi suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan hanci a karkace, wancan ba ya ji da kunnen dama, wani in zai yi magana sai ya tallafe haɓa. Sun fi goma, kuma duk aikin hannun surukina ne. Suka zauna a gabana suna harara ta. Na ƙarshe da ya sauko wani dogo ne daga ƙetaren iyaka, shi ne wanda ya kayar da shi a Ɗan Issa. Na ce yau za a yi ta. Ya tsaya tsakiyar taro ya dogara sanda.

"Ni dambena duka bugu ɗaya na, wancan. In wanga mutum ba shi cikin manya, ni wa na kayar?"

Na rufe kaye. Na kalli ƙasa, don ba zan iya kallon wanda nake yi wa hukunci ba, na ce sahun farko. Har yau ban san ko gaskiya na bi ba ko tsoron tsofaffin nan. Makaɗin ya dubi hantunan da haɓoɓin, ya ce ya yarda. Ya kaɗa taken sau ɗaya, mai tsawo, surukina ya yi kirarin da bai taɓa yi ba, aka ce an rataye. Ranar na ci tuwo da miyar kai.

Kasuwa ta zagayo. Makaɗin ya biyo ta rumfar kamar kullum, tsohon ya ajiye wuƙa, har ya ɗaga daga kan benci. Makaɗin ya gaishe shi ya wuce.

"Kai! Ina kiɗin?"

"An rataye. Ai kai ka so."

A cikin dukanmu, har da ni mai kaye, babu wanda ya tuna cewa abin da aka rataye ko mai shi ba a kaɗa wa. Sati uku tsohon ya rame. Ya yi faɗa da masu ciniki, ya yi faɗa da Inna, ya bar ƙuda suna yadda suka ga dama. Na ji tausayinsa ƙwarai. Sai dai tausayin ya koma haushi ranar da matata ta zo min da saƙo, wai Baba ya ce a boko babu ɗaukaka ƙara ne, don shi yana ganin an yi gaggawa a shari'ar nan. Na ce ta gaya masa alƙali ya yi murabus.

Da kansa ya je wurin makaɗin. Aka ce masa hanya ɗaya ce, mai take ya sauke shi da bakinsa ya ba wanda ke shiga fage, kuma daga ranar ya fita daga sahun huɗun. Ya kwana biyu yana gunaguni, sannan ya aika a kira masa yaron Safo.

Da kaka ta yi aka buɗe fage bayan kasuwa. Ana kaɗa taken sai mutum biyu suka miƙe, saurayin a tsakiyar fili, tsohon a cikin ƴan kallo yana tsuma, hawaye na bin gemu. Ba a gama turmin farko ba wani ɗan Maradi ya shimfiɗe yaron, ƙafafu sama. Fili ya ɗauki ihu da dariya. Yaron ya zauna yana tofar da ƙasa, ya fara warware zaren hannunsa, yana cewa shi da dambe har abada.

Tsohon ya kutsa cikin fage da tumbinsa, ya durƙusa gabansa, ya kama zaren yana mayar masa da shi.

"Tashi, ɗana. Hwaɗuwa ba komi ba ta, ni ma na hwaɗi, kuma ba ɓawon gyaɗa ba na. Don Allah kada ka bari. In ka bari, su ma sun bar kiɗin."