Rijiya Biyu, Ruwa Ɗaya

Shekara talatin Mai Famfo ya yi yana gyaran injin ban ruwa, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai warin baƙin mai, kowace sifana da ƙusar da ake rataye ta. Aibinsa guda: in ya kafe, ko jaki sai ya sallama masa.

Da mahaifinsu ya rasu, suka raba lambu shi da ƙaninsa, aka ja wayar shinge a tsakani. Kowa ya haƙa rijiyar burtsatse tasa, taku goma sha biyu tsakaninsu. Shi yana da shago. Ƙanin kuwa da lambun nan kaɗai yake ciyar da 'ya'ya biyar.

Ba a yi wata ba matsala ta fito. Da ƙanin ya tayar da injinsa, sai na Mai Famfo ya kama tari, ya shaƙi iska, ruwa ya tsinke. Wani injiniya ya zo ya auna, ya ce, "A sama kuka ja waya, a ƙasa ruwanku ɗaya ne. Ku yi karɓa-karɓa."

Ƙanin ya ce, "Yaya, ɗauki safiya, ni na yarda da yamma."

Ina! Yaron da ya goya ne zai yanka masa lokaci? Ya kira masu haƙa, ya ce su zurfafa tasa ta wuce ta ƙanin. Shugabansu ya ce, "Maigida, can ƙasa ruwan zartsi ne. Laka ce ta raba shi da mai daɗin, kada a huda ta."

"Kai dai haƙa," in ji Mai Famfo.

Abin nan har yau haushi yake ba ni. Don mutum ya san inji, sai ya ɗauka ya san cikin ƙasa.

Mako uku ruwa na bulbulowa, yana taƙama. Sannan gefen ganyen kabejinsa ya fara ƙonewa, farin gishiri ya kwanta a kan kunyoyi. Ya ɗanɗana ruwan, ya ji gishiri. Ya yi maza ya cika rijiyar da siminti, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, zartsin ya bi ramin ya hau ya gauraye da ruwa mai daɗin da ke samansa. Ta cikin wayar shingen ya riƙa kallon tumatirin ƙaninsa yana yaushi kunya bayan kunya.

Rani na gaba wata motar kaya ta tsaya a ƙofar shagon, katifu a ɗaure, yaran a zaune kan buhuna. Ƙanin ya sauko da injinsa, ya ajiye a bakin ƙofa.

"Za mu gidan surukina. Riƙe wannan, wani zai buƙata."

Kunya ta kama Mai Famfo, ya durƙusa ya fara kwance murfin injin.

"Ba sai ka duba ba, Yaya. Lafiyarsa ƙalau. Ruwan da zai ja ne babu."