Mai Ɗaure wa Kowa Dami

A ofishin babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Dami ake ce masa, har masinja, har matar da ke goge bene da safe.

Ba don wannan ya karanci kwamfuta ba. Tun yana yaro zane yake so, bayan littafin lissafinsa cike da motoci da tsuntsaye. Da ya gane ana iya sa hoto ya motsa a shafin intanet, sai ya ce ya ga sana'a. Kamfanin da ya ɗauke shi na gina wa shaguna da makarantu shafuka, a wani dogon ɗaki a saman bene, mai fanka mai ƙara da wayoyin caji barkatai a ƙarƙashin tebura.

Shafin intanet kuwa ba abu guda ba ne. Ƙananan fayiloli ne birjik na yaren JavaScript, wannan na kiran wancan. Kafin a ɗora shi, akwai manhajar da ke tattara su, ta matse su, ta ɗaure su dami ɗaya don ya buɗe da sauri a waya. Sai dai dole a rubuta mata umarni: daga ina za ta fara, yaya za ta yi da hotuna, ina za ta ajiye damin. Kowane rukuni a ofishin na da nasa umarnin, an kwafo daga tsohon aiki, an yi ta faci a kai, babu wanda ya san amfanin rabin abin da ke ciki.

Wata rana a taro bakinsa ya jawo masa.

"Oga, me zai hana mu rubuta tsari ɗaya, kowa ya riƙa amfani da shi? Matsalar da muka gyara jiya ita ce yau su Dogo ke fama da ita."

Oga ya cire tabarau ya dube shi. "Madalla. Tunda kai ka hango, kai za ka yi."

Ya yi shi da zuciya ɗaya. Ya bi umarnin kowane rukuni layi bayan layi, ya tsince shara, ya haɗa mai amfani wuri guda. Ranar da aikin kowa ya ɗauru da tsarin nasa, har tafi aka yi masa. A ranar ne Dogo, shugaban rukunin kusa da taga, ya laƙaba masa sunan.

Daɗin bai daɗe ba. Su Dogo suna yi wa ƙungiyar direbobi shafi, wayoyin direbobin kuwa tsofaffi ne, don haka suna son dami mai buɗewa a kowace tsohuwar waya. Rukunin 'Yar Gayu kuma, mai yi wa shagunan kayan sawa aiki, sabon salo suke so, wanda tsohuwar waya ba ta ganewa. In ya gyara wa Dogo, 'Yar Gayu ta iso tana huci.

"Mai Dami, me ka taɓa? Hotunana duk sun ɓace!"

In ya gyara mata, Dogo ya taho rungume da kwamfuta. "Mutumina, ya ƙi ɗauruwa."

Har abin da ba ruwansa kansa ake zuwa. Intanet ya ɗauke, Mai Dami. Wani ya manta waƙafi a nasa rubutun, Mai Dami.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsarin nasa a kan aikin wasu yake zaune, mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ke rubuta ƙananan sassa kyauta su zuba a intanet. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya sabunta nasa sashen, aikin ofishin gaba ɗaya ya tsaya cak. Mutane suka yi cirko-cirko a bayan kujerarsa. Ya rubuta tambaya a dandalin masu sashen, ya zauna yana jira. Amsar da ta zo daga wani ne a can wata duniya: shi ma haka yake fama, in an samu mafita a taimaka masa.

Ya yi ƙoƙarin koya wa wasu. Ya zaunar da wata abokiyar aikinsa har ta ƙware, sai wani kamfani ya ɗauke ta. Ya koya wa wani, shi ma yana ganewa ya yi sallama.

A gida, babbar 'yarsa ta taɓa kawo masa waya. "Baba, nuna min shafin da ka yi, zan nuna wa ƙawayena."

Ya buɗe na shagon takalma. "Kin ga yadda ya buɗe da sauri? To, wannan saurin."

"Amma wa ya zana takalman?"

"Wata ce a ofishinmu."

Ta karɓi wayarta a hankali. Matarsa na ninke kayan wanki, ta ce, "Ke, ƙyale babanki, ni ma har yau ban gane ba."

Da Inna, mahaifiyarsa, ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, ya ɗauki hutu. A barandar asibiti wayarsa ta yi ta ruri cikin aljihu. Ya ciro zai duba, sai yayarsa ta watsa masa harara.

"Uwar taka na kwance, kai kana dami? Kashe ta."

"Yaya, aikin mutane ne zai tsaya."

"Ya tsaya ɗin."

Ya kashe. Yana ba Inna ruwa a cokali, rabin hankalinsa na can saman bene, yana jin kunyar hakan, ya kuma kasa hanawa.

Da Inna ta fara takawa da sanda, sai ya koma aiki, ya shirya wa faɗa. Ba wanda ya yi masa. Aka yi masa ya mai jiki, kowa ya koma kan allonsa. Sai da ya buɗe ma'ajiyar aikin ya gane dalili. Da suka neme shi suka rasa, kowane rukuni ya kwafi tsarin ya ajiye a gefensa, ya yanke abin da ya dame shi, ya liƙa abin da ya tsinto a intanet. Tsari ɗayan nan ya koma kashi-kashi, kowanne da facinsa, kuma duk da sunansa a sama.

Ya jima yana kallon allon, sannan ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar Oga.

"Oga, tunda kowa ya iya riƙe nasa, a mayar da ni wajen zane."

"Haba, Mai Dami. Ka ga ɓarnar da suka yi kuwa? Masu shagon takalma sun kira, shafinsu ya yi nauyi. Ka sake haɗe su tukuna, sai mu yi maganar."

"In na haɗe, wa zai riƙe?"

Oga ya yi dariya kamar an ba shi labarin ban dariya, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga masa hannu alamar sai anjima.

Ya koma kujerarsa. Ya buɗe kwafin su Dogo a hagu, na 'Yar Gayu a dama, ya fara neman layin farko da suka saɓa.