Kwalin Harsashin da Yaya Lawal Ya Ajiye Mini

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Lawal makwancinsa a Birmingham. Har yau in na hau mota daga Manchester zuwa can, sai in ji kamar zan tarar da shi a garejinsa na unguwar Erdington, tabarau a karan hanci, yana ɗago mini hannu ta taga wai in dakata, kada in buɗe ƙofa tukuna. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Karatun sinadarai ya kawo shi ƙasar nan, da ya zauna da gindinsa ya jawo ni, na samu aiki a Manchester, na yi gida a Whalley Range.

Mutanenmu na can sun fi tuna shi da sunan tsokanar da suka laƙaba masa, Sarkin Bakan Erdington. Yana cikin wani kulob na masu harbin allo, da lasisinsa da komai, 'yan sanda kan zo su duba akwatin ƙarfen da yake kulle bindigar a ciki. Duk da haka jama'a ba su taɓa sakin jiki da abin ba. Musulmi, baƙar fata, ga gemu, sannan ga bindiga a gida a ƙasar Turawa? Abin da ya ƙara ɗaure musu kai, Yaya ba ya sayen harsashi haɗaɗɗe a shago. Da hannunsa yake zuba albarushi a kwanson tagulla, ya ɗora kan harsashin, ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai ga Yaya yana awon albarushi ba bai san haƙuri ba. Yana da wani ɗan sikeli mai allura, sai ya rufe ƙofa da taga, domin a cewarsa iskar da ba za ta motsa labule ba tana motsa allurar. Gwangwanin albarushi ɗaya kawai yake bari a kan tebur, kada ya rikita wani iri da wani. Zai zuba ƙasa kaɗan da abin da ake so, sannan ya riƙa ɗigo ƙwayoyin da ba su kai gero ba, har allurar ta tsaya daidai kan layi. Kafin ya rufe, sai ya haska tocila cikin kowane kwanso ya tabbatar babu wanda aka tsallake, babu wanda ya sha sau biyu. In ka yi masa magana a tsakiya, ko sallama ce, zai amsa, ya juye na hannunsa ya sake daga farko. Matarsa takan ce da a ce haka yake auna gishirin miya, da gidan sun mutu da yunwa.

Kowa ya ɗauka ƙaƙale ne irin na 'yan boko. Ni kaɗai na san inda abin ya samo asali, don shaidar tana cikin aljihun hagu na rigata.

Mahaifinmu shi ne shugaban 'yan bindiga a ƙauyenmu, masu buga adaka ran biki ko in alhaji ya dawo. Da yatsa suke awo. A ɗura albarushi, a danna da sanda, a duba yatsa nawa sandar ta ɗago, kuma Baba ya kafa iyakar da ba a wucewa. Wata shekara 'yan bindigar ƙauyen maƙwabta suka zo biki, tasu tana ƙara kamar aradu, 'yan mata suna ta guɗa. Yaya yana ganiyar samartaka, abin ya ci masa rai. Ya ɗura wa tamu abin da ya wuce iyakar Baba, ya miƙo mini, don ni ne na fi shi tsayuwa da bindiga. Bututun ya tsage a hannuna. Yatsu uku suka tafi, babban da ɗan ƙaramin suka rage. A gida aka ce ƙaddara ce, aka rufe maganar, ni da shi ba mu taɓa buɗe ta ba. Yaya dai bai ƙara kallon hannuna na hagu ba, ni kuma na koyi ɓoye shi a gabansa don in rage masa nauyi.

Duk sallah in na kai iyalina Erdington, bayan an ci an sha, sai ya kira ni gareji ya buɗe wani koren kwali. Harsasai ne a jere suna ƙyalli. "Garba, waɗannan naka ne," zai ce, idonsa a kan kwalin. "Da kaina na auna. Akwai guest day, ranar baƙi, a kulob, duk ran da ka shirya." Ni kuwa sai in mayar da abin wasa, in ce Yaya ka bar ni da ragowar yatsun da nake ƙirga jikoki da su. Ya yi 'yar dariya ya rufe. Gaskiya a raina haushi nake ji. Ina ganin wane irin rashin lura ne mutum ya riƙa tallata mini bindiga, shi da ya san abin da ta yi mini.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ranar da likitoci suka ce a kira 'yan uwa, ya sa kowa ya fita sai ni. Ya miƙo hannu, na ba shi na dama, ya ture shi. Na hagun yake so. Ya riƙe shi yana shafa wurin dungun, ya ce, "Garba, ka yafe mini." Kowane Bahaushe ya san amsar da ake bayarwa, balle ƙane ga wansa, kuma ita na bayar tun kafin ya rufe baki: "Haba Yaya, ai ba ka yi mini komai ba. Ni ne ma zan ce ka yafe mini." Na zare hannuna na mayar aljihu. Ya yi mini wani irin kallo, ya juya fuska bango. Na fito ina ganin na yi ladabi.

Bayan rasuwarsa aka miƙa bindigar da harsasan ga hukuma yadda doka ta ce, koren kwalin ya tafi tare da su. Sikelin kawai ya rage, 'yarsa Bilkisu ta riƙe. Nan aka haife ta, Hausarta sai a hankali, amma taurin kai da natsuwa na ubanta ne. Ta shiga kulob ɗin, ta samu nata lasisin. Yanzu har na'ura gare ta mai wutar lantarki, ka danna lamba ta zubo albarushin da kanta. Nakan yi tunanin me Yaya zai ce in ya gani. Ina jin zai yaba, ya tambayi yadda take aiki, sannan ya ɗauki abin da ta zubo ya sake aunawa a nasa. Haka kuwa Bilkisu take yi.

A bana na je gaishe da mahaifiyarta, na leƙa garejin, na tarar da ita tana aiki. Na jira har ta ɗago, don na san dokar ɗakin. Cikin hira na ambaci koren kwalin ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. "Baffa, you know every year yana warware su? Duk kafin sallah sai ya cire, ya zubar da powder, ya auna sabo. Na tambaye shi why, ya ce na Baffanki ne, ba a ba shi abin da ake shakka."

Kunya ta rufe ni a gaban 'yar wana, na rasa inda zan sa idona. Ashe duk shekarun nan wana roƙona yake yi. Girma ya hana shi faɗa da baki, sai ya koma yana faɗa da sikeli, yana jiran ranar da zan yarda in sake karɓar abin da ya ɗura. Da ƙarfinsa ya ƙare ya buɗe baki ya faɗa, na toshe shi da amsar da ake ba wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗauke da laifinsa, ka ce masa bai yi komai ba, ina zai sauke? Ban yi don mugunta ba, abin da aka koya mana na faɗa, amma duk lokacin da na tuna yadda ya juya fuska bango sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na bi Bilkisu kulob ranar baƙi. Wani dattijon Bature da ya san Yaya ya kwantar mini da bindigar a kan matashi, ya dubi hannuna, ya gyara mini riƙo. Harsashi ɗaya na karɓa, wanda ta auna a sikelin ubanta. Na ja kunamar. Inda ya faɗa oho, ban ko duba allon ba. Hannuna na duba, yana nan yadda yake.

Daga can na ce ta sauke ni a maƙabarta. Yaya bai bar dukiya ba, bai bar suna a jarida ba. Ya bar sikeli, da 'ya mai rufe ƙofa kafin ta yi awo, da ƙane da ya makara wajen ganewa. Na yi masa addu'a, na fito da hannun hagu daga aljihu na ɗora a kan ƙasar kabarin, na faɗi abin da ya so ji a asibiti.

"Ka yi mini, Yaya. Wallahi ka yi mini, kuma ya yi zafi. Na yafe maka duniya da lahira."