Fim ɗin Masu Haƙar Kwal a Falon Hajja

A shekara ta biyu da zuwanmu Alƙahira, cikin 2012, na samu aiki a gidan wata tsohuwa a unguwar Mohandessin. Maigidana yana karatun shari'a a jami'a, ni kuma zaman ɗaki ya ishe ni. Muna zaune a Hadayek el-Maadi, hawa na huɗu, a wani gida da rabin mutanensa 'yan Sudan ne. Wata maƙwabciyata daga cikinsu ce ta haɗa ni da tsohuwar. Kwana uku a mako nake zuwa: in hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, in sauka in kama ƙaramar bas da suke kira maikrobas, in isa kafin ƙarfe tara.

Hajja nake kiranta. Ta haura shekara saba'in, ta koyar da Turanci a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna ƙasar waje da iyalansu. Aikin ba shi da yawa: shara, wanke-wanke, dafa mata abinci marar gishiri, da tuna mata lokacin magani. Daga baya na gane abin da ta fi buƙata shi ne wanda zai zauna kusa da ita bayan azahar, lokacin da take kallon tsofaffin finafinanta. Babban ɗanta ya aiko mata da kwali cike da faifai, kusan duka baƙi da fari. Ni ba na jin Turanci sosai, rubutun Larabcin da ke ƙasa kuma yana gudu ya bar ni, don haka ita ke fassara min, wani lokaci har ta riga masu fim ɗin faɗar maganarsu.

Ni 'yar ƙasar kuza ce. Ƙauyenmu yana kudu da Jos, tsakanin tulin jar ƙasa da kududdufan da tsofaffin kamfanoni suka bari. Baba ya yi wa kamfani aiki yana saurayi, da kamfani ya tashi sai ya koma haƙar loto, wato ramin da mutum ke haƙawa da diga, a zura shi da igiya, ya bi jijiyar kuza ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙirji ne ya kashe shi ina 'yar shekara goma sha huɗu. Yayana, wanda nake bi, shi ya gaji digar. Da ita ya riƙe Inna, da ita ya yi min kayan ɗaki. Ban taɓa ba Hajja wannan labari ba. Ta san dai ni 'yar Najeriya ce, ta kuma ɗauka kowa a can a kan man fetur yake kwana.

Wata Talata da safe, cikin tsananin zafin Alƙahira, wanda a gida tsakiyar damina ce, ina ɗaura hijabi zan fita sai ga kiran ƙanwata. A ƙauyenmu sai an hau tulin ƙasa ake samun sabis, saboda haka ba ta kira haka kawai. Muryarta na yankewa, iska na kaɗawa.

"Yaya, an yi ruwa jiya. Loto ya rufta."

"Wane loton?"

"Na su Yaya Babba. Su huɗu ne a ciki. Ana ta haƙa tun..."

Layin ya yanke. Na kira, na sake kira, ba ya shiga. Maigidana ya riga ya tafi jarrabawa, wayarsa a kashe. Na zauna a bakin gado kamar minti goma. Na san idan na zauna ni kaɗai a ɗakin nan da waya a hannu zan iya zaucewa, sai na ɗauki jakata na fita. Ban tuna yadda na hau metro ba. Na dai tuna wata mata a taragon mata ta matsa ta ba ni wuri, ta ce, "Zauna, fuskarki ba daidai take ba."

A gidan Hajja na yi aiki kamar inji. Na goge tayil ɗin da na goge shekaranjiya. Na dafa miyar kabewa na manta ban kashe wuta ba sai da ta yi min magana. Duk minti biyar in shiga kicin in gwada lambar ƙanwata, da ta matar Yaya, da ta wani mai shago a ƙauyen. Babu wadda ta shiga. Kafin azahar katin wayata ya ƙare a kan kiran da ke shiga daƙiƙa biyu ya yanke.

Bayan mun yi sallah Hajja ta ce, "Yalla ya binti, maza 'yata, kawo shayi. Yau zan nuna miki wanda na fi so duka. Na fara ganinsa ina budurwa."

Na so in ce ba ni da lafiya. Amma kalmar ta ƙi fita, domin na ji idan na buɗe baki da wani abu, sauran duk zai biyo. Na saka faifan na zauna a ƙasa kusa da kujerarta, wayar a cinyata.

Ta ce labarin wani gida ne a Wales, can cikin ƙasar Birtaniya, uba da 'ya'yansa maza duka masu haƙar kwal. Da ta ce haƙa sai na ɗago. Aka nuna gidaje a jere suna hawa tudu, a samansu hayaƙi da tulin baƙar ƙasa. Aka nuna maza suna gangarowa daga aiki da yamma, fuskokinsu baƙi ƙirin sai idanu, suna waƙa tare. Suka shiga gida, aka zuba musu ruwa a bayan ɗaki suna cuɗa jiki, uwar tana kai da kawowa tana faɗa. Ban fahimci kalma ɗaya ba, ban kuma buƙaci fassarar Hajja ba. Haka Baba da Yaya suke dawowa, sai dai su ja suke dawowa, laka har cikin kunne. Inna takan ajiye musu bokiti biyu a bayan rumbu, ta hana su taka tabarmarta sai sun wanke. Har yadda uban ya zauna a gaban abinci, kowa ya yi shiru sai ya fara, na san shi. Ban taɓa zaton Turawa ma suna shiga rami da kansu ba. A wajenmu labarin da muka taso da shi shi ne su ke tsaye a sama da malafa.

Na ɗan samu kaina a cikin fim ɗin, abin da ban zata ba. Kusan rabin sa'a ban duba waya ba. Da aka zo wurin da 'ya'yan suka fara barin gida ɗaya bayan ɗaya don aiki ya yi wuya, suna tafiya ƙasashe masu nisa, sai na ji fassarar ta tsaya. Na waiga, Hajja ta cire tabarau tana share ido da gefen mayafi.

"Kullum a nan yake kama ni," in ji ta. "Da can ina kallon wurin nan ina tausayin samarin. Yanzu uwar kawai nake gani."

Sai aka busa jiniya. Wata irin doguwar ƙara ce, mata suka fito daga kowace ƙofa suna gudu zuwa bakin ramin, wasu da tsumman wanke-wanke a hannu. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon inda ake fito da mutane. A ƙauyenmu ba mu da jiniya, ihu ake yi daga loto zuwa loto har ya iso gari, amma tsayuwar iri ɗaya ce. Na ga Inna a cikinsu, da zanenta na atamfa mai ruwan ƙasa, na ga matar Yaya da tsohon cikinta. Wani sauti ya fito daga ƙirjina da ban san ina da shi ba.

Hajja ta dafa kafaɗata. "Ma'alish, ya binti, yi haƙuri, fim ne. Ni ma haka na yi da farko."

"Hajja, yayana yana cikin rami."

"Wane rami?"

Na faɗa mata da Larabcina mai ɗingishi, rabi da hannu. Ta tsayar da fim ɗin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, cikin muryar malamar aji, "Tun safe kina gidana da wannan a cikinki, kika bar ni ina miki maganar kabewa?" Ta miƙo min wayarta. "Kira. Kada ki daina sai an ɗauka."

Na jera lambobin uku ina bi ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ta jawo carbinta. A fuskar talabijin matan nan suna nan tsaye yadda ta tsayar da su, har sai da ta lura ina satar kallonsu ta kashe shi gaba ɗaya. Muka yi la'asar. Ta tilasta min shan ruwa da sukari. Wajen ƙarfe biyar lambar mai shagon ta shiga.

Na faɗa masa ko ni wace ce. Ya ce, "Af, 'yar Masar. Tsaya, ga shi nan a mota, yanzu za a wuce da su asibiti." Na ji hayaniya, ana cewa a matsa, a ba shi. Sai wata murya a dushe, kamar ta wanda ya sha ƙura.

"Ƙanwata."

"Yaya, kai ne?"

"Ni ne mana. Wa ya gaya miki har can? Na ce kada a tayar miki da hankali."

"Me ya same ka?"

"Ƙafa ce kawai. Sauran jikina lafiya lau. Yunwa dai nake ji."

Dariya ta ƙwace min tare da kuka. Na zame na yi sujada a kan kafet ɗin Hajja, wayar na hannuna, ina jin muryarsa yana ta "Halo, halo". Hajja ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta riƙa cewa alhamdu lillah tana buga hannun kujera a hankali.

Daga baya na ji yadda aka yi. Gefen loton ne ya zubo ya toshe hanyar fita, su huɗun suka maƙale a wani lungu da ruwa ya kai musu ƙugu. Mutanen gari suka haƙa wani rami a gefe, suka iso gare su bayan azahar. Uku sun fito da rai. Na huɗun, wani magidanci da muka yi makarantar allo tare da matarsa, ƙasar ta danne shi tun farko. Wannan ya zauna min a zuciya ko a cikin murnata, domin na san a bakin ramin akwai wadda ta koma gida ba kamar yadda Inna ta koma ba.

Hajja ta hana ni hawa metro ranar. Ta sa mai gadin gidan ya tsayar min da tasi. Na tarar da maigidana a bakin matakala yana nemana, ya ga kiraye-kirayena ya rikice. Kafin ya tambaya na ce, "Malam, ya fito." Ya ce, "Wa ya fito? Daga ina?" Sai na tuna shi bai ma san an shiga ba.

Ranar Alhamis da na koma, bayan azahar, na kawo shayi na ɗauko faifan da kaina. Hajja ta ce, "A'a, khalas, ya isa haka, mu sa wani mai ban dariya. Ƙarshensa ba daɗi."

"Ina so in gani, Hajja."

"Uban ba zai fito ba, ina gaya miki tun yanzu."

"Na ji. A saka."

Muka kalla har ƙarshe. Na yi kuka sosai, amma wani irin kuka ne mai sauƙi, wanda mutum ke yi ƙafafunsa a miƙe. Lokacin rasuwar Baba ban samu yin irinsa ba, domin ina ta hidimar masu gaisuwa da riƙe ƙanwata. A falon nan na yi masa nasa, shekara goma sha biyu bayan an binne shi. Hajja ba ta rarrashe ni ba. Da aka gama ta ce in ba ta labarin ƙauyenmu, ta kuma tambaye ni abubuwan da ba wanda ya taɓa tambayata: nawa ne zurfin loto, wa ke riƙe igiya, yaya ake gane kuza a cikin yashi. Na ɗauko farantin shayi na nuna mata yadda mata ke jujjuya kwano a ruwa har baƙin kuzar ya kwanta a ƙasa. Ta karɓa ta gwada, ta zubar da sauran shayin a rigarta.

Yaya ya yi wata biyu a kwance. Ƙafar ta haɗu, amma ta ɗan gajarce, ba ta iya dogara da bangon rami idan ana zura shi. Ya yi ta ƙorafi a waya cewa an mayar da shi tsoho. Wani abokin Baba ya ba shi kula da injin jan ruwa a sama, inda ba ya shiga ko'ina sai inuwar rumfa. Matar Yaya ta haihu a cikin watan, mace.

Da na samu Inna a waya na yi mata jajen ƙafar. Sai na ji ta rage murya, alamar Yaya yana kusa.

"Kada ki faɗa masa," ta ce, "amma ni tunda ya dawo da ƙafar nan nake barci."